Ƙanina na son shiga siyasa a nan Agege, in hana shi ko in ƙyale shi?

Sabi'u Tela:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abu ne ya tsaya min a rai kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 26, ni na ɗauko shi daga gida yana aji uku na firamare na sa shi makaranta nan Agege har Allah ya sa ya gama difloma, yana jin Yarbanci kamar a Isale Oja aka yanke masa cibiya. Shekaranjiya ya same ni a shago wai mutanen mazaɓarmu suna so ya riƙe shugaban matasa na jam'iyya, kuma idan zaɓen ƙananan hukumomi na gaba ya zo yana da niyyar neman kansila.

Wallahi da ya faɗa sai da gabana ya faɗi. Saboda ni na yi abin nan, tun 2011 nake ciki har zaɓen 2023. Mu ne masu cika bas in za a yi gangami, mu ne masu liƙa fosta da tsakar dare, hulunan kamfen da rigunan anko ban san iyakar waɗanda na ɗinka kyauta ba, na sha rufe shago sati guda kwastoma na zagina a waya. Wanda muka yi wa wahalar, ba zan kama suna ba, har ɗakina ya shigo ya zauna a tabarma ya ci tuwo da mu, yana ce min ɗan'uwana. Da ya ci zaɓe wata biyu ba a yi ba lambar ta daina shiga. Wannan duk bai dame ni ba kamar maganar wani yaro da na ɗauko daga wajen sana'arsa na kai shi ya tsaya mana ejan a akwati, rigima ta tashi aka fasa masa kwalba a fuska, ido ɗaya bai ƙara gani da shi ba. Ba wanda ya leƙo asibiti. Keken ɗinkina guda na sayar na biya kuɗin aiki, kuma har yau in na hango mahaifin yaron sai in canza hanya don kunya.

To yanzu ga nawa ƙanin zai bi hanyar. In hana shi ne ko in sa masa albarka? Don Allah wanda zai ba ni shawara ya ba ni ta tsakani da Allah.

Alhaji Ɗanjuma Mile 12:
Wa alaikumussalam. Malam Sabi'u ka hana shi kawai, kar ka tsaya dogon tunani. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, siyasar Bahaushe a Legas ke nan tun da na zo garin nan. Ka nema masa jari ya shigo kasuwa ko ya nemi aiki da takardarsa. Ni shekara 31 ina sauke tumatir da attaruhu, ban taɓa ganin ranar da kansila ko ciyaman ya cece mu ba. Da rikici ya tashi a watan Maris 2016 aka rufe kasuwa kwana da kwanaki, kaya suna ruɓewa a cikin mota muna kallo, har aka fara zancen a tashe mu a mai da mu Imota can bayan Ikorodu, shugabannin kasuwa ne suka yi ta zirga-zirga Alausa, wato ofishin gwamnatin jiha, ba 'yan siyasar da muka zaɓa ba. Kuma ku tuna ƙarshen Fabrairu 2021 bayan rikicin Hausawa da Yarbawa da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan, da ƙungiyar masu kayan gwari da shanu ta tsai da lodi zuwa Kudu, sati ɗaya bai cika ba aka kira shugabanninmu Abuja aka zauna da su. Ƙarfinmu a kwando yake da tirela, ba a akwatin zaɓe ba.

Bash Mai Babur:
Alhaji ya gama magana wlh. Mu da muke kan babur mu muka san siyasa. Lokacin kamfen mu ne gaba da tuta muna hon, a ba ka kuɗin mai da riga. 1 ga Yuni 2022 aka hana okada gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Mainland da Island, wata uku bayan nan aka ƙara da Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. Babura biyu na rasa, ɗaya ko gama biyan kuɗinsa ban yi ba. Ba wanda ya tsaya mana. Ni na yi sallama da siyasa har abada.

Zainab A.:
Yaya Bash Allah ya mayar maka da alheri. Amma don Allah in tambaye ka, katin zaɓenka na ina ne?

Bash Mai Babur:
Na Jigawa ne mana, can nake komawa in yi zaɓe.

Zainab A.:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ba ina ɗora maka laifi ba ne, kusan duk haka mutanenmu suke, mahaifina ma sai da muka yi ta fama da shi. Kana kwana a Legas, kana biyan tikiti a Legas kullum, doka ta hau kanka a Legas, amma ƙuri'arka tana wani ƙauye da kake zuwa sau biyu a shekara. Ɗan majalisar da ya zauna aka tattauna maganar okada ya san sarai ko ka yi fushi ba abin da za ka iya yi masa, don sunanka ba ya cikin rajistar mazaɓarsa. Sati ɗaya kafin zaɓe ka je gareji a Agege ko Ijora ka ga yadda motoci ke cika ana tafiya gida, wannan duk ƙuri'un Legas ne suke fita.

Ku duba lissafin 2023. Mutum sama da miliyan 7 ne suka yi rajista a jihar nan, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Peter Obi ya samu 582,454, Tinubu 572,606, a garin da Tinubu ya yi gwamna shekara takwas. Tazarar ba ta kai dubu goma ba. Yanzu ku faɗa min tsakanin Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago babu Bahaushe dubu goma? A Mile 12 kaɗai ma. Kuma tun 2015 'yan ƙabilar Ibo da wasu waɗanda ba Yarbawa ba suka ci kujerun majalisar wakilai a Oshodi-Isolo da Ajeromi-Ifelodun da Amuwo-Odofin, ba don an fi son su ba, don katinsu na nan ne kuma suna fitowa. Tsarin mulki bai ce sai ɗan asalin jiha zai tsaya takarar majalisa ba, kuma tun dokar da aka sa wa hannu a watan Mayu 2018 mai shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Yaya Sabi'u ƙaninka ya cika duk sharuɗɗan nan.

Alhaji Ɗanjuma Mile 12:
'Yata kin iya lissafi Allah ya ƙara basira, amma takarda daban fili daban. Ki je ki tambayi waɗanda suka fito zaɓen gwamna ranar 18 ga Maris 2023, bayan wancan sakamakon da kika kawo, yadda aka tsorata baƙi a wasu rumfuna. Mai kaya a kasuwa ba zai kai kansa inda za a fasa masa kai ba. Sannan zaɓen kansila da kike magana ai ba INEC ke yi ba, hukumar zaɓen jiha ce, kuma na watan Yuli 2025 jam'iyya mai mulki ce ta kwashe ciyaman 57 gaba ɗaya, ƙananan hukumomi 20 da LCDA 37, wato yankunan raya ƙasa da jihar ta ƙirƙira. Ma'ana tikiti shi ne zaɓen. Tikitin kuma ba a layi ake ba da shi ba, manya ne ke zama a ɗaki su ce wane, abin da su da kansu suke kira baba sope, wato baba ya ce. Yaushe baba zai ce ɗan Hausa?

Hajiya Rabi Idi-Araba:
Alhaji ka bari in shigo a nan, don ni a garin nan aka haife ni, uwata ma a nan aka haife ta, ba ni da wani ƙauyen da zan gudu. Sabi'u ƙanina, na karanta labarinka har sai da na yi hawaye a kan yaron nan, Allah ya ba shi lafiya ya saka maka. Amma ka yarda da ni, abin da ka yi shekara goma sha biyu ba siyasa ka yi ba, hidima ka yi wa mutum ɗaya. Ka ba shi bas, ka ba shi hula, ka ba shi yaro, ba ka taɓa zama da shi gaban shaidu ka ce ga abin da unguwarmu ke so ba, kuma ba ka riƙe wata kujera a jam'iyyar da dole sai an nemi sa hannunka ba. Mu ma mata haka aka yi ta yi da mu, atamfa da taliya da dubu biyu a ambulan, mu yi guɗa mu dawo gida.

Ina da aure da 'ya'ya biyu lokacin rikicin Idi-Araba a Fabrairu 2002, kwana kaɗan bayan fashewar bama-baman barikin Ikeja. Na ga gawa da idona, na kwana a waje da goyo. Abin da na koya a wannan makon shi ne ranar da wuta ta tashi, in ba ka da mutum a cikin ɗakin da ake yanke shawara, sai dai a yanke a kanka. Shi ya sa na shiga ƙungiyar ci gaban unguwa, CDA ɗin nan da mutanenmu suke rainawa suna cewa taron 'yan gida ne. Shekarar farko in na yi magana ko kallona ba a yi. Ban daina zuwa ba, ina biyan kuɗin wata, in an yi rasuwa a gidan Bayarabe ina zuwa, in suna suna ina zuwa. Yau ba a raba komai a layinmu ba a kira ni ba. Kwatar da ke cika mana gidaje duk damina an gyara ta, mun samu an ƙara ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa a ƙaramin asibitin da matanmu ke zuwa awo, don da yawa ba sa zuwa saboda ba sa iya bayani, yaran da ba su da takardar haihuwa mun yi musu aka ɗauke su makarantar gwamnati. Ba titi na kawo ba, ba gada na kawo ba, kuma na sha cin amana ni ma, akwai wadda na ɗora a kujera da hannuna ta juya min baya. Amma matar da ta haihu lafiya saboda ta fahimci abin da nas ta ce mata, wannan ba wanda zai ƙwace min shi.

Baba zai ce ɗan Hausa ranar da ya ga ɗan Hausa na da akwati biyar a hannunsa, Alhaji. A 2019 ai an naɗa ɗan Arewa kwamishina a jihar nan, ba sadaka aka yi ba, lissafi aka yi.

Sani Obalende:
Hajiya wannan kwamishinan me ya canza wa talakan Hausa? Lokacin yana kan kujera aka hana okada. Ni abin da na gani shi ne duk wanda aka ba wa muƙami da sunan al'ummar Arewa shi da iyalinsa ne suke amfana, mu kuma a kira mu taro a ɗauki hoto. Ga ƙungiyoyin Arewa sun fi ashirin kowa da shugabansa kowa da takardar kai, duk ɗan takarar da ya zo sai a samu wasu su sa masa rawani su ce sun ba shi ƙuri'ar Hausawa miliyan kaza. Su kansu 'yan siyasar sun gane ƙarya ce shi ya sa suke sallamar mu da buhun shinkafa.

Hajiya Rabi Idi-Araba:
Wannan gaskiya ne Sani, ban musa ba. Rabuwar kan tana ci min rai fiye da yadda kake zato.

Malam Nura Mai Islamiyya:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa ban sa baki ba. Ina so in tuna mana wani abu ne don naga kamar mun ɗauka siyasa ta fara ne daga zamanin taliya. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, waɗanda suka shiga teloli ne irinka Malam Sabi'u, da 'yan koli da malaman zaure da mahauta. Ba bas ake ba su ba, bulala ake ba su. Alƙalan En'e suna ɗaure su, ana korar su daga gari, ana hana su aure. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga gidan yari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a lokacin da macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ita, sai a shekarun 1970 aka ba su. Malam Aminu Kano ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 bai samu ba, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja bai bar dukiya ba. In da ma'aunin Alhaji Ɗanjuma za a auna, asara suka yi. Amma da PRP ta ci Kano a 1979 Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, kuma duk wanda kakansa ya taɓa gudu ya bar gida saboda kuɗin haraji ya san me wannan ke nufi. Shekara kusan talatin tsakanin shuka da girbi, da yawa cikin waɗanda aka daka ba su ga ranar ba.

Ban ɓoye ɗaya gefen ba, a wannan tafiyar ce aka tsige Balarabe Musa a Kaduna a 1981, PRP ɗin ma ta dare biyu, santsi da taɓo, Malam yana raye yana gani. To ɓacin rai a siyasa ba yau aka fara ba, har waɗanda suka fi mu tsarkin niyya sun sha shi.

Sannan maganar baƙo ba ya cin zaɓe, Malam Umaru Altine Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu shi ne magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, zaɓensa aka yi. Ya zauna da mutanen ne ya shiga jam'iyyarsu ta NCNC ya sha wahala tare da su.

Bash Mai Babur:
Malam Allah ya gafarta, waɗancan mutane ne masu aƙida. Yanzu fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar a 2022, na gwamna miliyan 50, ɗan majalisar jiha miliyan 2. Ɗan tela zai saya? Kuma mu ba mu yi aƙidar ba ne? 2015 akwai wanda ya kai mu? Mutane sun sayi katin waya sun tura gudummawa, an kwana a rumfa ana gadin ƙuri'a, wani ya taka daga Legas har Abuja a ƙafa don murna. Allah ya jiƙan Buhari ya riga mu gidan gaskiya, amma shekara takwas ɗin nan ƙauyukan Zamfara da Katsina sun zama kufai, rabin yaran da ke kwana ƙarƙashin gada a nan gudun 'yan bindiga suka yi. Aka zo 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai rana ɗaya. Wa za mu sake yarda da shi kuma?

Malam Nura Mai Islamiyya:
Bashir ban da amsar da za ta share maka wannan, ni ma na kwana a rumfa a 2015 kuma abin na nan a zuciyata. Abin da na fahimta kawai shi ne mun tattara duk fatanmu mun ɗora wa mutum ɗaya a Abuja muka koma gida muka kwanta, ba wanda ya san sunan kansilansa.

Garba Ƙarami:
Kakana ne ya ce in rubuta masa, ina karanta masa tun ɗazu. Ya ce a gaishe da kowa. Ya ce shi ya zo Ikko tun tana babban birnin ƙasa, yana sayar da goro. Ya ce zamanin Jakande, 1979 zuwa 1983, aka gina makarantu aka ce kowane yaro ya shiga kyauta, ba a tambaye shi takardar asali ba, 'ya'yansa huɗu a nan suka yi karatu, babana na cikinsu. Ya ce to wannan gwamna zaɓensa aka yi, in da mutanen kirki sun ce siyasa ƙazanta ce da wani ne zai hau. Ya ce kuma 12 ga Yuni 1993 ya zaɓi Abiola, har a Kano Abiola ya kayar da Bashir Tofa, aka soke zaɓen, gari ya rikice suka kwashe iyali suka tafi gida wata biyu, da ya dawo rumfarsa babu komai. Ya ce daga nan ya yi rantsuwa ba zai ƙara zaɓe ba, sai da ya yi kaffara a 1999. Ya ce a faɗa wa Sabi'u kar ya hana yaro, amma kar ya bari yaron ya ci abinci daga siyasa, ya riƙe sana'arsa, don wanda cikinsa ke hannun ɗan siyasa ba ya iya cewa a'a.

Hajiya Rabi Idi-Araba:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Garba ka ce masa Rabi ta gaishe shi.

Mubarak S.:
Assalamu alaikum. Ni ne ƙanin da ake magana a kai, wani abokina ne ya turo min. Yaya ka yi haƙuri da na shigo, ban san abin ya hana ka barci ba, da ban faɗa maka a tsaye ba haka.

Ina so iyayena da yayyena na zauren nan su san dalilina. Ba kuɗi nake nema ba, ina da aikina na gyaran sola da wayarin kuma ba zan bari ba. Shekara uku ke nan duk daren da aka yi kame a unguwarmu ni ake bugo wa waya, saboda ina jin Yarbanci da Turanci. Yara masu turin baro da masu ruwa da masu gyaran takalmi, ba su yi komai ba, ba su da katin shaida ne kawai kuma ba su iya bayani ba. In je in tsaya tun dare har safe ina roƙo. Ran nan na je da wani ɗan jam'iyya na mazaɓarmu, Bayarabe, abokina tun firamare, magana biyu ya yi aka sako yara bakwai. A hanya ya ce min Mubarak kai kana roƙo ne ni kuma ina tambaya, bambancin ke nan. Wannan maganar ce ta shige ni.

Kuma ba ni na nemi kujerar ba, su suka zo, saboda lokacin rajistar da ta wuce na zauna da waya na taimaka wa mutanenmu suka dawo da katinsu nan, ina da sunayensu a littafi da lambar rumfar kowa. Na san Alhaji ya faɗi gaskiya a kan tikiti, mai yiwuwa ba za a taɓa ba ni kansila ba. Amma ko shugaban matasa na mazaɓa yana zama a mitin ɗin da ake rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi da guraben koyon sana'a, yanzu ba mu da kowa a wurin.

Yaya na san abin da ya faru da yaron nan, ina cikin waɗanda suka riƙe shi a mota zuwa asibiti, rigata duk jini, ina shekara goma sha tara lokacin. Ban manta ba. In ka ce kar in yi wallahi ba zan yi ba, kai ne ubana a garin nan.

Alhaji Ɗanjuma Mile 12:
Yaro kana da ladabi, Allah ya yi maka albarka. Amma ni ban canza ba. Duk wanda na sani da ya shiga haka ya fara, da kyakkyawar niyya da littafin sunaye. Ranar da za a kira ka a ce ka kawo yara hamsin gobe da safe, ko a ba ka ambulan a ce ka raba a layi, ita ce ranar da za a san ko kai waye, kuma in ka ƙi a ranar za su nemo wani Bahaushen da zai yi. Littafin nan naka ma shi suke so ba kai ba. Ka riƙe shi da kyau kar ka ba kowa kwafi.

Zainab A.:
Wannan shawarar ta ƙarshe ta Alhaji ni ma ina bayanta ɗari bisa ɗari.

Sani Obalende:
Mubarak in ka shiga don Allah kar ka buɗe wata sabuwar ƙungiyar Arewa, waɗanda ake da su sun isa.

Sabi'u Tela:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Na gode Allah ya bar zumunci. Hajiya maganarki ta yi min zafi da farko amma gaskiya ce, ban taɓa neman komai wa unguwa a bakin mutumin nan ba, ina jin kunya ne wai kar ya ce don wani abu nake yi, ashe shi kuma haka yake so.

Mubarak ban san kana cikin motar nan ba, wallahi ranar ban san waye a gefena ba. Ban ce maka eh ba tukuna kuma ban ce a'a ba. Zuciyata har yanzu tana wajen Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Amma ga abin da nake so kafin mu ci gaba da magana. Aikin solarka ba za ka rufe shi ko na yini ɗaya saboda taro ba, kamar yadda Baba kakan Garba ya ce. Ba za ka ɗauki ɗan kowa ka kai shi gangami ko gadin akwati ba, in dole sai an tsaya ka tsaya da kanka ni ma zan zo in tsaya kusa da kai. Sannan sai mun kira Inna mun faɗa mata da bakinmu, don in wani abu ya same ka ni za ta tambaya. Kuma akwai inda nake so ka raka ni ranar Juma'a bayan an sauko, gidan mahaifin yaron nan, shekara bakwai ina kauce masa, ba zan iya sa maka albarka a kan wannan hanyar ba alhali ban je na dube shi ido da ido ba.

Mubarak S.:
To Yaya. Zan zo shago bayan Isha'i in sha Allah.

Bash Mai Babur:
Zainab wai shi dawo da katin nan sai na je Jigawa ne ko a nan ake yi? Ba wai na yarda ba ne fa, ina so in sani ne.

Zainab A.:
A nan ake yi Yaya Bash, ba sai ka je ko'ina ba. Duk lokacin da INEC ta buɗe rajista za ka iya cikewa a shafinsu ta waya ko ka je ofishinsu na ƙaramar hukumar da kake zaune da tsohon katinka, ka faɗi adireshinka na yanzu su mai da kai rumfa mafi kusa, daga baya ka je ka karɓi sabon kati. Suna rufewa watanni kafin zaɓe don haka kar a bari sai an fara kamfen. A wace ƙaramar hukuma kake kwana yanzu?

Bash Mai Babur:
Ojo, wajen Alaba. Mu shida ne a ɗaki kuma duk katinmu na gida ne.